Farantin da Muka Zaɓa a Tianhe

Zuwa ga maigidana, Alhaji, Baban Hauwa,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan sallama ta iske ka cikin ni'ima a makwancinka. Mu dai muna nan lafiya. Hauwa tana ɗakinta kalau, Sadiƙu kuma ya kama kasuwa da kyau, har ya fara ba ni shawara kan irin takalman da za su tafi a Sallah.

Daga Guangzhou nake rubuto maka. Ina zaune bakin taga a masaukinmu na kusa da titin Zhanxi Lu, ruwan la'asar yana sauka, masu turin kaya suna gudu da kwalayen takalma lulluɓe da leda. Jiya na je kasuwar kayan lantarki ta Tianhe sayo wa Sadiƙu waya, ban ankara ba sai na ga ƙafata ta kai ni hawan benen da muka sayi farantin satalayit ɗinmu. Shagon ya sauya hannu, rigunan waya ake sayarwa yanzu. Na daɗe a tsaye a wurin, har yarinyar shagon ta miƙo mini kujera.

Ka tuna yadda aka yi ka biyo ni a shekarar da Sin ta karɓi wasannin Olamfik? Likita ne ya raba ka da tirela saboda zuciyarka. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa tsakanin Kano da Legas da Agadas, sai ga shi a tabarma a ƙofar gida yana bin motoci da ido. Kana ramewa ina gani. Na ce ka rako ni ka sha iska, ka ce, "Hajiya, ni da ban taɓa tafiyar da ba ni ke riƙe da sitiyari ba?" Amma ka zo.

Aurenmu dama na saɓani ne. Lokacin da nake gida da goyo, kana kan hanya. Da ka fara zama, ni kuma kasuwa ta buɗe mini, na koma 'yar jirgi. Ko aikin Hajji ba mu yi tare ba. Ka tafi ina da cikin Sadiƙu, ni kuma na tafi kana Agadas da lodin siminti. Ba mu taɓa yin faɗa a kan haka ba. Mun saba ne kawai da yi wa juna sannu da zuwa da Allah Ya kiyaye hanya a rana guda.

A shekarar Olamfik ɗin nan, garin Guangzhou a tsuke yake. Biza ta yi wuya, 'yan'uwa da yawa sun tattara sun koma gida, kowa yana yawo da fasfo a aljihun gaba. Zafi kuwa mai ɗanko, mutum ya fito wanka yana neman wani wankan. Kowane shago akwai talabijin, kowace talabijin akwai masu gudu ko masu ninƙaya. Kai sai ka tsaya ka goya hannu a baya kana kallonsu, ka ce, "Wai su waɗannan bayin Allah ina za su da wannan sauri?"

Wata rana muna dawowa daga tashar jiragen ruwa ta Huangpu, inda na je ganin lodin kwantenata, ka hango wata mota a bakin wani filin baje kolin motoci. Ka sa direban tasi ya tsaya. Doguwa ce fara, a cikinta akwai gado, da wurin girki, da banɗaki, da labule a taga. Ka shiga ka zauna a bakin gadon, ka shafa katifar. Na san abin da ke ranka. Da muka koma tasi ka ce, "Tsohuwar bas ɗina da ke garejin Dakata ta fi wannan faɗi."

Tun daga ranar ba ka da wata magana sai ta gida mai taya. Muna cin taliyar Musulmin Sin kana jero mini garuruwa kamar mai karatu. Tiga, Falgore, Yankari, Damagaram, tafkin da ke bayan garinku inda ka koyi iyo. Ka ce wuraren nan duk ka wuce su da gudu, kana hango su ta madubi, ba ka taɓa tsayawa ka ga yadda rana ke faɗuwa a kansu ba. Yanzu kana so ka tsaya, kuma ba kai kaɗai ba.

Ni tsoro nake ji, Alhaji. Maganar likita tana kunnena. Shi ya sa na kawo maka dalilin da na ɗauka zai kashe zancen. Na ce ni ba na zuwa inda ba zan ga sallar Harami a talabijin ba, ka san ba ta wuce ni. Sai ka yi murmushi ka ce, "Shi ke nan matsalar? Gobe sai Tianhe."

Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, ka riƙe ƙarfe da hannu biyu kana mamakin tafiyar da babu rami babu shingen 'yan sanda. A kasuwar kayan lantarki muka hau matakalar nan mai tafiya da kanta, hawa bayan hawa, fitilu ta ko'ina, kamar muna hawa cikin wani mafarki mai sanyin na'ura. Duk shagon da muka tambaya sai su kaɗa hannu su ce "meyo", wato babu. Ashe a ƙasar ba a barin kowa ya kafa faranti a gidansa, don haka ba sa baje shi a fili. Sai da na yi wa wata dattijuwa bayani da ɗan guntun Sinancina na kasuwa cewa Afirka za mu kai, sannan ta dube ka, ta kira ka "lawban", wato maigida, ta ja mu zuwa ɗakin ajiyarta.

Iri uku ta nuna mana.

Na farko fari ne dunƙulalle kamar an kife ƙwarya. A rufin mota ake ɗaura shi, shi ke neman tauraron ɗan'adam da kansa, ko mota na tafiya. Ni shi ya tafi da hankalina, don ba zai sa ka wahala ba. Ka zagaya shi, ka ƙwanƙwasa, ka tambayi dattijuwar da hannu ko ya san sararin samaniyar ƙasarmu. Ta yi dariya ta girgiza kai. Taurarin Sin aka koya masa, kuma ƙanƙantarsa ba za ta jawo tashoshin Larabawa daga nesa ba. Ka ce ko da ya sani ma, reshen darbejiya na farko a hanyar ƙauye zai fille masa kai.

Na biyu mai kwanciya ne a rufi, idan an tsaya sai a danna ya miƙe. Ya yi kyau ƙwarai. Amma ka yi tambayar da ba ta zo mini ba. Idan yana manne da mota, kuma ba ya son itace ya tare masa sama, to a ina za a ajiye motar? A tsakiyar rana ke nan. Ka ce, "Ba zan kai ki daji in gasa ki ba."

Na ukun shi ne mafi muni a ido. Babban faranti ne da ake kwancewa ɓangare-ɓangare kamar ɓawon lemo, yana da ƙafa uku irin na murhu, da doguwar waya nannaɗe kamar igiyar guga. Mota ta kwanta a inuwa, shi a kai shi fili. Dattijuwar ta gargaɗe mu, ta nuna da hannu cewa wahala gare shi, duk inda aka sauka sai an sake saita shi. Mutum ɗaya yana waje yana juyawa, wani yana ciki yana kallon allo yana faɗa masa ko hoto ya zo. Ta ɗaga yatsu biyu, ta nuna ni, ta nuna ka.

Ka dube ni ka ce, "Wannan nake so. Mai kaɗaici ba ya iya aiki da shi."

Na juya baya ina gyara mayafi don kada baƙuwa ta ga idona. A wurin na daina jayayya da kai. Na gane cewa idan na hana ka hanyar don tsoron zuciyarka, zaman ƙofar gida zai riga ta cinye ka. Dattijuwar ta ƙara mana ɗan kamfas kyauta, ka yi ta ce mata "shiye-shiye", wato na gode, kana dafe ƙirji har muka fita.

Da yamma muka je bakin kogi. Jiragen ruwa suna wucewa a hankali, gadoji sun fara kunna fitilunsu, iska mai ƙanshin ruwa tana kaɗa babbar rigarka. Ka ɗora kamfas ɗin a tafin hannu kana nuna mini inda Kano take. Ka ce ta nan za a yi tagar ɗakin kwana, ta nan za ki rataye tukwane, ta nan za mu ajiye buta. Kana zana bas ɗin a iska da yatsa, ni kuma, wallahi, ina ganinta.

Farantin ya bi teku daga Huangpu a cikin kwantenar takalmana. Kafin ya iso ka cire kujerun bas ɗin, kafinta ya yi gado, mai walda ya yi wurin murhu da na batir. Yara suka taso mana. Sadiƙu ya ce, "Umma, ki yi wa Baba magana, wannan ai ganganci ne." Na ce masa na riga na yi, kuma amsar da ya ba ni ta fi tambayata.

Tafiyarmu ta farko ta faɗo daidai da Arfa. Muka sauka a bakin ruwan Tiga da hantsi, muna azumi, ka kwantar da motar ƙarƙashin wata tsamiya. Ka ja waya zuwa fili, ka kafa ƙafafun nan uku, ka ce in ka fuskanci alƙibla sai ka karkata dama. Ina ciki ina kallon allo mai yayyafi. Ina cewa babu, kana juyawa. Ina cewa ya zo, ya tafi, koma baya kaɗan. Wasu Fulani masu shayar da shanu suka tsaya suna kallon tsoho yana rawa da faranti. Can sai allon ya washe, ga dutsen Arfa, ga fararen harami sun rufe ƙasa. Na ƙwala maka kira da muryar da ban san ina da ita ba. Ka shigo kana haki, ka zauna kusa da ni, ka ɗaga hannu tare da mahajjatan. Ka ce, "To Hajiya, ga mu a Arfa tare."

Bayan nan mun yi Falgore, inda birai suka yi ta leƙen farantin. Mun yi Damagaram. A Yankari hadari ya taso muna kallon sallar magariba ta Makka alhali rana ba ta faɗi a wurinmu ba, ruwa ya ɗauke hoton, muka zauna muna sauraron saukarsa a rufin mota. Ba ka damu ba. Ka ce ai liman ya san hanya, zai kai su ba da mu ba. A shekarun nan na rage zuwa Sin, ciniki ya ja baya, ban taɓa yin nadama ba.

Tafiyar ƙarshe ita ce ta garinku. Sadiƙun da ya ce ganganci ne, shi ya tuƙa, don ƙafafunka sun kumbura. Ya sauke mu a bakin tafkin ya shiga gari gaida dangi. Ba ka iya sauka ba, sai na ɗauki farantin da kaina. Ban taɓa sanin nauyinsa ba sai ranar. Ina juyawa ina jiyo muryarka ta taga, siririya, kana cewa dama, dama, Hajiya kin wuce, yawwa, riƙe nan. Da na shigo na tarar kana dariya har da hawaye, wai ka ga Hajiya mai kwantena tana kokawa da murhu. Ba mu yi wata da dawowa ba Allah Ya karɓi abinsa, ranar Juma'a, kanka a cinyata.

Ga labarin da na ajiye maka. Masu saye sun yi ta zuwa taya bas ɗin, ban sallama ba. Bayan na fita takaba na samu wata malama mai koyar da mata tuƙi. Ni da nake da jikoki, ina zaune a bayan sitiyari ina haɗa gumi, tana ce mini in saki kuloci a hankali. Motar ta mutu a hannuna ba adadi. Hauwa har kuka ta yi, wai mutane za su ce Umma ta zautu. Amma kafin in taso wannan tafiyar na fito da bas ɗinka daga gida da hannuna, na kai ta ƙarshen layi, na juyo da ita ban taɓa katangar kowa ba. Tsofaffin abokanka na tasha da ke zaune a majalisa suka miƙe tsaye. Ɗaya daga cikinsu ya cire hula ya ce, "Allah Ya jiƙan mai motar."

In Allah Ya kai mu bayan Sallah, zan ɗauki Hauwa da 'ya'yanta mu yi hanyar garinku, Gaya. Ba zan yi gudu ba, kada ka damu.

Allah Ya gafarta maka, Ya yalwata kabarinka, Ya haskaka shi, Ya sanyaya maka shi kamar yadda ka nema mini inuwa a duniya. Allah Ya sa ka huta hutun da babu gajiya a bayansa, Ya haɗa mu a gidan da ba a yin bankwana. Amin.

Taka har kullum,
Hajiyarka, Uwar Hauwa