Tokar Tsoho Aldo

St. George, New York

Zuwa ga Yaya Muniru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da iyali, da fatan ƙafar ta yi sauƙi. Na zaɓi takarda ne don a waya sai ka katse ni.

Ka san tsohon da nake jinya, Aldo. Yana yaro aka taho da shi daga ƙasarsu a wani babban jirgin ruwa. Saura kwana ɗaya su iso, wani jirgin ya buge nasu cikin hazo, kusa da tsibirin Nantaket. Shi an cece shi, mahaifiyarsa ba a ga ko gawarta ba. A zamanin akwai jirgin fitila da ke tsaye a wurin, ba ya zuwa ko'ina, aikinsa haska wa masu wucewa da busa ƙaho. Ya ce ƙahon nan har yau yana kunnensa.

Makon jiya ya ce in ya mutu a ƙone shi, ni kuma in kai tokar can in zuba. Yaya, na ji nauyin in ce wa dattijo a'a a fuskarsa, sai na sunkuyar da kai. Shi kuwa ya ɗauka na amince, har ya gaya wa ɗan ƙanwarsa. Hannuna ba zai iya ɗaukar tokar ɗan Adam ba, kuma ina tsoron cin amana. Yaya zan yi?

Ƙanwarka,
Rukaya

Kano

Rukaya,

Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, sai dai mitar matata.

Ke har yanzu kunyar nan ba ta sake ki ba? Mutanen can ba sa karanta sunkuyar da kai. Mutumin yana da rai, bakinki ma yana nan. Faɗa masa yanzu, tun yana iya neman wani. In kika bari ya mutu da zaton alkawari, da wa za ki warware? Allah ya ba ki ƙarfin hali.

Yayanki,
Muniru

St. George

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na faɗa masa. Wuni biyu bai yi mini magana ba, ko shayin da na haɗa bai taɓa ba.

Ran nan da hazo ya sauka ya ce in tura kekensa na marasa lafiya mu hau feri, jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane. Muna shiga na yi addu'ar shiga jirgi ta Annabi Nuhu a hankali, kamar kullum. Ya tambaye ni me nake cewa, na bayyana masa. Da ƙahon feri ya busa sai ya riƙe hannun keken. Can ya ce, “Na sauke miki nauyin. Ɗan ƙanwata zai kai ni. Amma shi ma jirgi zai hau, wannan addu'ar za ki iya yi masa?”

Na ce zan iya. Wannan karon da baki na faɗa.

Rukaya

St. George

Yaya,

Salam. Aldo ya rasu ranar Talata. Jiya ɗan ƙanwarsa ya hau ƙaramin jirgin masunta da kwalin tokar a hannunsa. Na tsaya a bakin ruwa na yi addu'ar da ƙarfi, har matuƙin ya cire hula. Sun dawo lafiya.

A gaida gida.

Rukaya