Hatimi Uku da Littattafan Mutanen Aljirif

Zuwa ga Mai Girma Mudir na Cibiyar Adana Rubuce-rubuce, Khartoum.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ni ce Sa'adatu, wadda ta riƙe rajistar ɗakin karatunku shekara goma sha ɗaya kafin ku sallame ta. Na rubuto a fili ne domin takardun da ake kai wa ofishinka ba sa dawowa da rai.

Na ɗaya. Littattafan ajamin da ke ɗakin nan ba naku ba ne. Na jikokin alhazai ne, mutanenmu na Aljirif da Alshajara. Ni na bi su gida-gida, da Hausar kakanninmu, na roƙe su aro. Sunan kowane mai littafi yana cikin kwamfuta, a wata manhajar kyauta wadda masu sa kai a ƙasashen duniya suke gyara ta, su fitar da sabuwa lokaci-lokaci.

Na biyu. Duk Alhamis nakan sauka daga motar Alsawra in shiga shagon intanet in duba ko sun fitar da sabuwa, in karanta abin da suka gyara. Ba wanda ya sa ni. Shafin ba ya barin mutanen Sudan su sauke komai saboda takunkumi, sai in jira ɗalibin da zai dawo daga Kano ya kawo mini a faifai.

Na uku. A watan Rajab na bara masu manhajar suka sanar cewa tsohuwar fitowar tana lalata rubutun Larabci in rajista ta yi girma, kuma sun gyara. Washegari na nemi izinin sa sabuwar, tunda dokarka ta ce ba a sa wa kwamfuta komai sai lajna, wato kwamitinku, ta buga hatimi a kan lambar fitowar. Lajna ta yi wata huɗu. Kafin ta zauna an janye wannan lamba, an fitar da ta gaba. Aka ce in sake nema daga farko. Sau uku muna wannan zagaye. Ranka ya daɗe, kun kasa gane cewa manhaja ba kofur ba ce, ba ta tsayawa ƙam sai an ba ta umarni.

Na huɗu. Rajistar ta lalace. Inda sunayen mutane suke, yanzu alamar tambaya ce jere. Kwafin da na ajiye a faifai, masu tsaron ƙofa sun ƙwace, wai sirrin hukuma ne, ya ɓace a hannunsu. Tsofaffin katunan takarda kuwa, kai ka sa aka zubar ranar da ka yi mana jawabin shiga zamani. Sannan aka rubuta cewa sakacina ne.

Baba Idrisu na Aljirif, mai shekara tamanin da wani abu, ya zo gidana sau biyu yana neman littafin da kakansa ya ɗauko a ka daga Hausa. Na ba shi shayi. Ban iya kallon idonsa ba.

Ba aikina nake roƙo ba. Ku buɗe mini ɗakin wata guda, in shigo da dattawan nan su shaida rubutun iyayensu tun suna da sauran gani. Na san wannan ma sai lajna ta zauna, kuma uku daga cikin dattawan sun rasu tun bayan Babbar Sallah.

Shekaranjiya masinjanku ya kawo mini izinin farko da na nema, da hatimi uku. Na gode. Na sa shi ƙarƙashin ƙafar tebur.

Allah ya ba ka lafiya da tsawon rai, ya nuna maka ranar da za a tambaye ka amana, ka sami amsar da ni na rasa.

Wassalam.

Sa'adatu Malam Bukar,
Alsawra, Omdurman.