Ƙafar Usman a Kan Darduma

Yaya Sani,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da Binta da yara. Yaya jikin Inna? Mu nan unguwar Bani Malik sai godiya.

Maganar ɗanka Usman da ke wurinmu ce. Ran Juma'a muka zauna kallon wani tsohon fim na samari masu tseren mota. Hankalin kowa na kan talabijin, nawa na kan ƙafar Usman. Duk sanda mota ta zo kwana sai ya danna darduma, hannunsa na sauya giya a iska. Da motar ta kife sai ya ce, "Ai da bai taka birki a nan ba."

Na ce, "Wa ya koya maka?"

Ya ce, "Wallahi Gwaggo, fim ne kawai, halas, shi ke nan."

Yaya, motar kafilin maigidana, wato ubangidan da ya tsaya masa a ƙasar nan, a ƙofarmu take kwana, don maigidana ke tuƙa ta. Ka san shi gajere ne, amma yanzu yakan tarar an ja kujerar baya. Yaron nan ba shi da lasisi. In aka kama shi, iƙamarmu duka, wato takardar izinin zamanmu, ta shiga ruwa.

Ka kira shi, kai yake jin tsoro. A gai da Inna, a sa mu a addu'a. Makullin motar dai yanzu a haɓar zanena yake kwana.

Ƙanwarka,
Hadiza