Ƙyallen Gida Ɗari

Yaya Shulan,

Ina gaishe ki, ki gaida mini Baba. Yaya nauyin jiki? Ƙafafun sun daina kumburi?

Ban gaya wa kowa ba, amma tun zuwana Xi'an ban iya yi wa kowa magana sai Gwaggo. Lafiyata ƙalau dai, ina cin taliya in ƙoshi. Aikin gidan tarihi na jami'a ba wuya. Gwaggo tana gyaran tsofaffin barguna, ni ina zura mata zare.

Kin ce mutane sun watse daga ƙauye, ba za a samu ƙyalle daga gida ɗari da ake haɗawa a ɗinka bargon jaririnki bisa al'ada ba. Abin ya tsaya mini a rai. Nan barguna sun cika ɗakuna, amma ko zare ba a cira. Gwaggo ta ce, "Roƙa ake yi, bebiya. Ko na haɗa da bakinki na ɗinke ne?"

Jiya na tare wata malama, na roƙe ta ƙyalle. Yau ta kawo shuɗin ƙyalle, har da na maƙwabciyarta.

Ɗalibai suna da yawa a nan. Gobe zan tsaya ƙofar ɗakin cin abincinsu da jakata. Kada ki fara ɗinki tukuna.

Ki sauka lafiya.

Ƙanwarki,
Qiaoyun