Gawayi da Gishirin da Na Binne a Ƙofar Yayana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a sakaya sunana, duk da na san wanda ya san unguwarmu a Kankia zai gane ni tun kafin ya kai ƙarshe, don masu irin motata ba mu da yawa. Shawararku nake nema don girman Allah, kuma wanda zai yi dariya ya daure ya gama karantawa tukuna, ni ma da farko dariya na yi.

Ni ma'aikaci ne a Kusada amma a Kankia nake zaune, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar mana. Babban wanmu da muke kira Yaya yana sashen da ke bakin zaure, mahaifiyarmu Inna tana ɗakinta a tsakiya, ni da nake ƙaraminsu ina can ciki da iyalina. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da Yaya, na faɗi haka ne don kada wani ya ce 'yan ubanci ne. Da man fetur ya yi tsada, zirga-zirgar aiki ta fara cinye albashina, sai na sayar da tsohuwar motata na cika na sayo wata 'yar ƙaramar mota mai caji a Kano. Ranar da na shigo da ita abokai suka yi ta tsokana wai na sayo wayar salula mai taya huɗu.

Matsala ta fara tun ranar farko. A wurin mai sayarwa mota tana caji lafiya lau, na zo gida na jona, caja ta kunna jar wuta ta tsaya cak. Na canza soket, jar wuta. Na ce ko wayar wutar ce ta yi siranta, na sayo mai kauri, jar wuta. Wani abokin aikina ya ce ƙarfin wutar unguwarmu ne bai kai ba, na sayo sitabilaiza, ita ma ba ta tsinana komai ba. Na ɗauki bidiyo na tura wa wanda ya sayar mini, ya ce motarsa ba ta da laifi in binciki gidana. Sati biyu mota tana ajiye a ƙofar gida kaji suna shan inuwa a ƙarƙashinta, ni kuma ina bin motar haya, masu tsokana suka samu abin yi.

Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani dattijo mai aikin wuta ɗan Tafashiya. Bai yi minti goma ba ya gano. Ya ce tun zamanin Baba da aka ja wa gidan wuta waya biyu kawai aka sa, babu ta ukun da ake kaiwa cikin ƙasa, wadda suke cewa atin. Fanka da firji ba ruwansu, amma cajar mota in ba ta ji wannan wayar ba ba za ta saki wuta ba, don kada jikin motar ya ja mutum. Maganin shi ne a haƙa rami kusa da mitar wuta, a kafa sandar jan ƙarfe, a zuba gawayi da gishiri, a jiƙa da ruwa a rufe. To mitar gidanmu a jikin bangon Yaya take, taku biyu daga ƙofarsa.

A nan laifina yake, kuma ba zan ɓoye ba. Ranar Yaya ya tafi gonarmu ta Bauranya, mai aikin ya ce in ba ranar ba sai bayan sati, ni kuma na gaji da motar haya. Na sani sarai a gidan gado ko turken akuya ba a kafawa sai an gaya wa babba, amma na ce a yi, in ya dawo na faɗa masa. Ya dawo ban faɗa ba, murnar ganin koriyar wuta a jikin caja ta mantar da ni. Da ma kuma ba mu cika zama hira ba tun da muka samu saɓani a kan gonar nan, ni na ce a raba, shi ya ce ba za a raba ba Inna tana da rai.

Damina ta wuce lafiya. Da rani ya shigo ƙasa ta bushe, jar wutar ta dawo. Na kira dattijon ya ce ramin ne ya bushe, in riƙa zuba masa bokitin ruwa, wani lokacin in ƙara ɗan gishiri. Sai ya zama in na dawo daga masallaci da safe, kafin in shirya, nakan ɗebo ruwa in zuba a wurin. Wallahi ko sau ɗaya ban tsaya na yi tunanin yadda abin yake a idon mai leƙowa ta taga ba, ƙani a tsugune a ƙofar wansa da sassafe yana barbaɗa gishiri yana kwarara ruwa.

A cikin ranin nan ƙafar Yaya ta kumbura. Shekara da shekaru yana da ciwon suga, ba ya kiyaye abinci, magani sai ya ga dama. Ƙaya ce ta soke shi a gona, wurin ya ƙi warkewa ya fara ruwa. Ni na kai shi asibiti sau biyu a cikin wannan motar, likita ya ce a kwantar da shi ya ƙi. Ashe matarsa ta gaya masa abin da take gani da safe, suka ɗauko wani malami daga wajen garin Ƙofa ina wurin aiki. Ya zo ya zagaya gida, ya tsaya daidai inda ƙasa take da laima, wurin da ko makaho zai gane da tafin ƙafarsa, ya ce an yi binne a nan kuma mai gida ya tsallaka. Suka ɗan tona sama-sama suka ga gawayi, magana ta ƙare.

Ban san wainar da ake toyawa ba sai da kwanon tuwon da matata take aika wa Inna ya fara dawowa a rufe yadda ya tafi, kwana uku a jere. Sannan Baffa, ƙanin mahaifinmu, ya kira ni zaure. Na tarar da Yaya ya miƙe ƙafa a kan tabarma, ko kallona bai yi ba. Baffa ya tambaye ni ko ni na yi binne a ƙofar ɗan uwana. Na yi dariya, Allah Ya sani ta mamaki ce, amma aka ɗauke ta rashin kunya. Na yi bayani tun daga jar wuta har koriya. Yaya ya ce in gaya masa me ya sa sai ƙofarsa, kuma sai ranar da ba ya gari, kuma wata nawa ban buɗe baki ba. Ya ce shi tun da aka haife shi bai taɓa jin mota tana cin gishiri ba. Ina da amsar kowace tambaya, amma duk wadda na bayar sai ni kaina in ji ta kamar ƙarya.

Na ɗauko dattijon Tafashiya ya zo ya yi musu bayani, har ya ce su je su tambaya, ko taransifomar unguwa haka ake yi mata. Yana fita aka ce ai ni na kawo shi, dole ya faɗi abin da nake so. Na ce a kawo Alƙur'ani in dafa, Baffa ya ce ba za a yi rantsuwa tsakanin 'yan ciki ɗaya ba, abin kunya ne. Wato in wanke kaina abin kunya ne, amma a shafa mini kashin kaji a gaban 'ya'yana ba abin kunya ba ne. Wannan har yau yana ci mini rai.

Yanzu ga inda muke. Yaya ya rantse ba zai taka asibiti ba sai an tone ramin, kuma malamin ya ce wanda ya binne shi zai tone da hannunsa a gaban shaidu. Ƙafar ta fara wari, babban yatsan ya yi baƙi, wani ma'aikacin asibiti da na nuna wa hoton ya ce in aka ƙara ɓata lokaci sai dai a yanke. Ba motar ce damuwata ba, dattijon ya ce zai iya mayar da sandar sashena da doguwar waya, aikin yini ɗaya ne. Damuwata ita ce in na ɗauki fartanya na tsuguna a gaban Baffa da malamin nan na tono gawayin, na amsa laifi ke nan. Daga nan mu tafi asibiti, likitoci su yi aikinsu, ƙafa ta warke, gari ya ɗauka an tone an warke. A Kankia irin wannan maganar ba ta mutuwa, ina da 'ya'ya mata uku, ranar da aka zo binciken aure za a ce ai 'yar wanda ya yi wa wansa sammu saboda gona ce. In kuma na ƙi tonewa aka yanke ƙafar, sunan dai shi ne, ga gurgun ɗan uwa ina kallo kullum. Matata ta ce mu tattara mu bar musu gidan, na ce mata shi ma cewa za a yi asiri ya tonu ya gudu.

Duk wannan abin da ake yi Inna ba ta ce uffan ba, ni kuma da shirunta nake rarrashin kaina, ina cewa ko tuwon ma wataƙila tarewa ake yi a hanya, ita dai ta san wanda ta haifa. Jiya bayan la'asar ta aika a kira ni. Na durƙusa na gaishe ta, ta daɗe tana jan carbi sannan ta ce, "Auta, ni ban tambaye ka abin da ka aje cikin ramin nan ba, kuma ba ni son in sani. Ka tahi ka tone shi ɗan uwanka ya samu lahiya. Ko mi ne ne, ni na yahe ma duniya da lahira."

Na tashi na fito. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi.

Baffa ya ba ni zuwa Juma'a. Na san da yawanku za ku ce ƙafa ta fi suna, ni ma zuciyata can ta fi karkata, don duk abin da ya yi mini ɗan uwana ne. Amma ku gaya mini tsakani da Allah, in tone in ɗauki wannan sunan har kabarina, ko akwai wata hanya da ban gani ba wadda za ta kai shi asibiti ba tare da na amsa abin da ban yi ba? Kuma wanda ya san abin da ɗa yake cewa idan uwarsa ta yafe masa laifin da bai aikata ba, don Allah ya faɗa mini, don ni har yanzu ban koma ɗakinta ba.