Lafayata a Bangon Jami'a

Bagadaza, Gombe.

Zuwa ga Yaya Batul,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau. Yaya ciwon gwiwar, yaya su Abba Gana da mutanen Maiduguri? Mu nan sai godiya, ana ta haƙuri.

Yaya, na ga lafayata. Shuɗiyar nan da Inna ta bar mini, wadda na birkice gida ina nema bara. Ashe 'yarki Sadiƙa ce ta ɗauke, Allah Ya jiƙan ta. Tana kallo ina zazzage akwati, har da taya ni nema!

Jummy, ƙawarta 'yar Kaltungo da suka yi karatun zane tare, ita ta zo ta ce an baje kolin ayyukan ɗalibai a kan taurari, har da na marigayiya. Na ce zan je in ɗauko kayan 'yata.

Jami'ar nan gari guda ce. Mai keke ya sauke ni a ƙofa, wai iyakarsa ke nan. Wannan ya ce bi dama, wancan ya ce koma hagu, sai ga ni a bakin filin ƙwallo, rana na dukana. Da Jummy ba ta hango ni ba, da na juya.

Ɗakin baje kolin duhu, ga sanyi kamar asibiti. Wani malami ya sa ni leƙa madubin hangen taurari, ban ga komai ba sai gashin idona. Ya yi ta bayanin nisan wata. Ni ina ruwana da nisan wata?

Kafin in ga lafayar hancina ya gane ta. Turaren wutar gidanmu ne, na Inna. Tana shimfiɗe a bango, Sadiƙa ta ɗinke ta da fararen duwatsun kwalliya, siffar taurarin nan Kaza da 'Ya'yanta, yadda nake nuna mata su a tsakar gida tana ƙarama. Ɗinkin ma a karkace, kamar kullum. Wallahi da tana kusa da ta sha faɗa.

Na miƙa hannu, mai gadi ya ce ba a taɓawa. Lafayar uwata, ɗinkin 'yata, wai ba a taɓawa! Na faɗa masa maganar da ba zan rubuta ba. Malamin ya ba ni haƙuri, ya ce in ina so a sauke mini a take.

Sai na duba, ga 'yan mata tsaye suna karanta sunanta a ƙasa, da ƙarfi. A gida ba mai kiran sunan nan yanzu, kowa na tsoron in yi kuka. Na ce su bar ta.

Damuwata ɗaya, ƙamshin ya fara tafiya. Na roƙa in kawo kasko in turara ta, suka ce hayaƙi zai tayar da wata ƙararrawa. Komai nasu da doka.

Don Allah ki aiko mini da turare mai ƙarfi, irin na Inna. Zan turara mayafina duk Juma'a in je in tsaya kusa da ita. Na tambaya, ba su hana tsayuwa ba.

Ki gaida kowa, ki sa Sadiƙa a addu'a.

Ƙanwarki,
Rahinatu