Su Goma Sha Ɗaya, Mu Biyu

Lahadi, 3 ga Maris, 2019

Duk wanda hannunsa ya kai kan littafin nan wata rana, ya yi mini afuwa. Ba don a karanta nake rubutawa ba. Wanda zan faɗa wa ne babu, maigidana Malam ya shekara shida a ƙasa, Allah ya jiƙansa.

Ɗana Baffa ya zo cin abincin rana da Henrike. (Sunan mahaifin Malam ya ci, Nuhu, shi ya sa ko a takarda hannuna ba ya son kama sunan.) An sa bikinsu bayan ƙaramar Sallah, kuma ina murna, yarinyar tana da hankali. Sai da na kwashe kwanuka ya biyo ni kicin.

"Umma, akwai magana. Sunan gidan su Henrike zan ɗauka."

Na ce wane irin ɗauka? Ya ce a takarda, shi da 'ya'yan da Allah zai ba su, duk su zama Immenbrink. Babanta ne ya roƙa. Wai sunan ya kusa ƙarewa, kuma ita kaɗai ya haifa.

Na sake wanke tukunyar da na riga na wanke.

Talata, 5 ga Maris

Tun ina gaban allo aka koya mana, ɗa da sunan ubansa ake kiransa. Shekarata ashirin da takwas a Münster ta ƙasar Jamus, na saba da mazan da ke ɗaukar sunan matansu, ko a gidan tsofaffin da nake girki akwai biyu. Ban taɓa kawowa abin zai shigo ɗakina ba. Jikin ƙararrawar ƙofar nan sunanmu, Rano, aka rubuta, Malam ne ya manna da hannunsa.

Na gaya wa Baffa a waya ban yarda ba. Ya ce, "Umma, doka ba ta ce sai kin yarda ba." Sai ya ƙara da cewa, "Amma ni ba zan yi ba sai kin ce to."

Ranar 17 ga Afrilu za su je ofishin aure su rubuta sunan da gidansu zai ɗauka.

Asabar, 16 ga Maris

Mun je shan kofi gidan baban Henrike, can bayan Warendorf. Na tafi da shirin in ƙi mutumin. Abin bai yiwu ba.

Hubert sunansa, shekara saba'in da huɗu, dogo, ya ɗan ranƙwafa. Ya daina noma, sai kiwon zuma. Matarsa ta rasu tun Henrike tana makaranta. Ashe sau biyu ya bugo wa Baffa waya a kan kek ɗin da zai toya, kada wani abin alade ko giya ya shiga. Takardun kayan haɗin ma ya ajiye mini a gefen faranti in duba da idona. Na ji kunya, amma na duba.

Da ya ɗauko fayil Henrike ta ce, "Baba, don Allah kar ka faro daga 1668, kofi zai huce."

Ya ce, "Ke yi shiru, shafi ɗaya ce ke a nan, kuma rabinsa fari ne."

Daga 1668 ɗin ya faro. A littafin cocin ƙauyen sunan ya fara bayyana. Ya ce Imme tsohuwar kalmarsu ce ta ƙudan zuma, brink kuma ɗan tudu a gefen gari. Tudun ƙudan zuma ke nan. Ya nuna mini tudun ta taga, ga akwatunan zumarsa jere a kai. Shekara ɗari uku da hamsin, suna bai yi ƙarya ba.

A bangon falo akwai taswirar Jamus da allurai masu jan kai. Goma sha ɗaya. Duk ƙasar nan iyakar masu sunan ke nan, ya ce, bakwai sun haura saba'in. Ya san ranar haihuwar kowa. Akwai wani a Hamburg da ba ya amsa wasiƙa, amma duk shekara sai ya aika masa kati. Akwai ƙananan ramuka da yawa a jikin taswirar, inda ya zare allurar waɗanda suka mutu. Ban tambaya ba, da kaina na gane.

Sai ya kai ni bakin babbar ƙofar gidan, inda dā keken doki ke shiga da ciyawa. A katakon sama an sassaƙa sunaye. Ya karanta mini ɗaya: Johann Wessel, wanda ake kira Immenbrink. Ya ce a yankinsu sunan na gida ne, ba na jini ba. In gida ya faɗa hannun 'ya mace, mijin da ya shigo shi ke amsa sunan gidan. Sau uku an yi haka. Kakansa ma shigowa ya yi, da akwati ɗaya da saniya.

"Da gurguwar saniya," in ji Henrike.

"Saniyar ta fi ki kawo riba."

Ya juyo gare ni, ya kira ni da Frau, wato uwargida. "Frau Rano, kowane ɗaya cikin ukun nan na san ubansa, na san ƙauyensu. Ba mu taɓa goge uban kowa ba."

Muna sa riguna za mu tafi ya ce, "Naku sunan fa, mene ne asalinsa?" Na ce sunan Malam ne. Na tsaya nan.

Lahadi, 17 ga Maris

Zumar da ya ba ni fara ce, mai kauri, sai da wuƙa. Na shafa a baƙin burodi. Mutumin kirki ne. Wannan bai canza komai ba.

Laraba, 27 ga Maris

Baffa ya zo ya gyara mini birkin keke. Bai tayar da maganar ba, ni na tayar. Na ce ra'ayina yana nan. Ya ce to, Umma. Ya wanke hannu ya tafi bai ci tuwon ba.

Ina ta tunanin mutumin da zai zauna shekara arba'in yana bin littattafan coci, yana karanta rubutun da ya dusashe, don kada wani manomi da ya mutu tun tuni ya ɓata. Ni kakannin Malam uku kawai na iya ƙirgawa, nawa ma huɗu.

Alhamis, 4 ga Afrilu

Na dawo daga aiki na tarar da baban Henrike, Herr Immenbrink, a ƙofa, da kwat da lakataye, jaka a hammata. Jirgin ƙasa ya hau, sannan bas. Ya ce irin wannan magana ba a yin ta a waya.

Lokacin la'asar ya yi, na ce ya ba ni minti biyar. Da na fito na same shi tsaye a baranda, ya juya baya, wai kada ya takura mini.

Ya buɗe jakar. Sabon fayil, an rubuta Rano a ƙeyarsa da kyakkyawan rubutu. Ashe tun ranar da muka je yake bincike. Littattafan lambar waya, taswirar sunaye, har wasiƙu ya aika.

"Na samu wani ɗan Italiya a Stuttgart, na rubuta masa, ya ce ba danginku ba ne. Na ga har gari guda akwai a Najeriya mai sunanku. Mu tudu ɗaya gare mu, ku gari." Ya yi ɗan murmushi. "Amma masu sunan a danginku, a iya abin da na gano, ku biyu ne. Ku da Nuhu."

Ya cire tabarau ya goge.

"Mu goma sha ɗaya ne, Frau Rano, ku biyu. Na zo roƙon abin da ba ni da haƙƙi a kai, ban ma tsaya na ƙirga ba. Mutumin da ya yi aikin nan shekara arba'in. Na janye. Henrike ta ɗauki Rano, na gaya mata jiya. Ku yafe mini."

Ya sha shayi. Ya bar mini fayil ɗin, ya ce in na tuna sunayen kakannin mijina in cika. Ya duba agogo ya ce bas ɗinsa ƙarfe biyar da minti goma sha biyu.

Na raka shi har ƙasa. Na ce Allah ya kiyaye hanya. Iyakar abin da na ce ke nan.

Juma'a, 5 ga Afrilu

Na samu abin da nake so. Abinci ya ƙi shiga.

Litinin, 8 ga Afrilu

Bari in rubuta abin da nake kewayewa tun shafin farko.

Rano ba sunan mahaifin Malam ba ne. Mahaifinsa Nuhu maƙeri ne, bai taɓa amsa Rano ba har ya koma ga Allah. Da aka kai Malam makarantar kwana, Isiyaku huɗu ne a ajinsu har da shi, sai hedimasta ya liƙa wa kowa garinsu. Isiyaku Bichi, Isiyaku Gaya, Isiyaku Rano, na manta na huɗun. Daga rajistar aji ya hau takardar jarrabawa, daga nan fasfo, daga nan ƙararrawar ƙofata. Malam da kansa yakan ba da labarin yana dariya. Kuma duk ɗan garin da ya ga dama yana iya amsa sunan gobe da safe. Dubbai ne. Ba sunan da zai ƙare ba ne.

Herr Immenbrink bai san ana samun suna haka ba. A wurinsu suna gado ne, ana iya ƙirga masu shi da allura. Ya ƙirga mu da irin ma'auninsu, ya ga biyu, ya sauka daga kan abin da ya fi so a duniya.

Ban yi ƙarya ba. Ya tambaya, na ce sunan Malam ne, kuma sunan Malam ne.

Amma na san abin da ya ɗauka, na bar shi ya hau bas da shi.

Alhamis, 11 ga Afrilu

Sun zo su biyu da yamma. Henrike ta ɗauki bayan ambulan tana gwada sa hannu, Henrike Rano, Henrike Rano. "Mama, kin ga na huta. Haruffa huɗu. Dā kafin in gama rubuta sunana layi ya watse."

Na tambayi babanta. Ta ce lafiya lau, yana wurin ƙudan zumarsa tun safe har yamma. Ya sauke taswirar daga bango, wai za a yi fenti. Ta ajiye biron. "Bara aka yi fentin."

Da ta shiga wanke hannu Baffa ya matso ya rage murya. "Umma, kin tuna labarin hedimasta."

Na ce na tuna.

"Ni ma. Ban gaya masa ba. Ba ni zan kunyata ki ba."

Ɗan da na goya. Na rasa inda zan sa idona.

Asabar, 13 ga Afrilu

Yau a wurin aiki na zuba gishiri sau biyu a miyar dankali. Frau Lütke mai ɗaki na tara ta ce in soyayya ce in faɗa musu a sha biki.

Ina fere ina tunani. Abin da aka hana shi ne a raba ɗa da ubansa, a jingina shi ga wani. Johann Wessel kuwa yana can saman ƙofa da sunan ubansa shekara ɗari biyu, ruwa da rana ba su goge ba. Sunan wuri aka ɗora masa a kai. Malam ma sunan wuri aka ɗora masa, ya yi sallarsa da shi har ya tafi, bai taɓa cewa ba Nuhu ne ya haife shi ba.

To me nake riƙo? Ina jin takardar jikin ƙararrawa ce. Rubutun hannunsa. Wannan kuwa ba wanda ya ce zai cire.

Lahadi, 14 ga Afrilu

Na rubuta masa wasiƙa. Sau uku ina yagewa, Jamusancina na baki ne, ba na biro ba. Gobe da sassafe zan jefa a akwatin gidan waya kafin in wuce aiki, Talata ta isa.

Ban ce na yarda ba. Gyara na yi masa a lissafi, don bai kyautu a bar mutum cikin kuskure ba, sannan na yi tambaya ɗaya. Zan kuma tambayi liman ranar Juma'a, ko da yake Juma'a bayan Laraba take.

Ga abin da na ce, in ajiye a nan:

"Herr Immenbrink, ƙidayarku ba daidai ba ce, kuma laifina ne. Rano sunan garin mijina ne, malamin makaranta ya sa masa. Ba sunan ubansa ba ne, kuma masu amsa shi sun fi ƙudan zumarku yawa. Na sani tun ranar da kuka tambaye ni, na yi shiru. Ni ya kamata in nemi yafiya.

Asalin yaron shi ne wannan: Nuhu, ɗan Isiyaku injiniya, ɗan Nuhu maƙeri, ɗan Mamman maƙeri, ɗan Ɗanladi, mutanen Rano. Iyakar abin da na sani ke nan. Ina so in ji ko akwai sauran wuri a katakon ƙofarku da zai ɗauki waɗannan duka, ba a rage ko ɗaya ba, kafin a rubuta wanda ake kira Immenbrink.

Ku mayar da taswirar bango. Laraba yaran za su je ofishin aure. Don Allah ku ba ni amsa da wuri, ko da a waya ne.

Zulaihatu."